Yaro na rarrafe, kaji da awaki na yawo a tsakar gida: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Ina da yara uku, babbar shekararta biyar, mai bi mata uku, ƙaramin kuma wata tara yana rarrafe. A tsakar gidanmu akwai awaki huɗu na surukata, kaji sun kai goma sha biyu, ga kyanwa da muka ajiye saboda ɓera. Rabin tsakar gidan siminti ne, rabi ƙasa, ruwa kuma wajen 'yan garuwa muke saya. Sau uku nake shara a yini, ina zuba Izal, amma zarni da ƙuda sun ƙi tafiya, ƙaramin kuma bini-bini zawo. Me zan gyara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Wadda ke share tsakar gida sau uku a yini ba ƙazama ba ce, kuma ko kin mai da shi sau shida ba abin da zai sauya, muddin ƙasar da ƙaramin ke rarrafe a kai ita ce ƙasar da kaji ke kiwo. Kaza ba ta da lokacin kashi. Kina ajiye tsintsiya wata ta sake, kafin ki waiga yaro ya dafa, hannun kuma baki ya nufa. Don haka aikin farko shi ne raba ƙasar gidan, wurin yaro daban, wurin dabbobi daban. Duk sauran abin da zan faɗa a bayan wannan yake.

Zawon nan akan ɗora wa haƙori laifinsa. Abin da ke faruwa shi ne, watannin da haƙori ke tsirowa su ne watannin da yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki, shi ya sa ake ganin abubuwan biyu tare. Kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo irin su kamfilobakta da salmonela, kazar da ke ɗauke da su kuwa lafiyarta ƙalau, tana kiwo tana ƙwai. Akwai kuma dalilin da ya sa gidaje da yawa ba sa ɗaukar abin da zafi: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, sai idan tana cin ƙazanta. Wannan hukunci ne na tsarkin sallah, malamai ke da bayaninsa. Bai ce babu ƙwayar cuta a cikin kashin ba.

Hanya biyu ce: ko a killace kajin, ko a killace wurin yaron. Ni ta biyun zan ce ki fara da ita, don ta fi araha kuma ba sai kin nemi iznin kowa ba. Kajin gida in an tsare su dole a ciyar da su, kowace babba kusan giram 100 na tsaki da dusa a rana, ga ruwa ga ganye, gidan da bai shirya wa hakan ba kafin mako ya zagayo ya sake su. Sannan akurkin da ba a kwashewa tara kashi yake yi wuri guda. An taɓa gwada killace kaji a wata unguwar talakawa ta gefen birnin Lima a ƙasar Peru, aka tarar zawon kamfilobakta bai ragu a yaran gidajen ba, ƙaruwa ma ya yi. Killacewa tana da amfani ne idan ana kwashe kashin kullum kuma yara ba sa shiga.

Wurin yaron ya kasance a ɓangaren simintin, baranda ko ƙofar ɗakinki, inda kike hango shi daga madafi amma ba zai kai ga murhu ba. Mita biyu a tsaye biyu a kwance ya isa. Kafinta ya yi miki shingen katako mai tsayin santimita 70 zuwa 75, da ɗan ƙyaure mai sakata ta waje. Tazarar da ke tsakanin katakan kada ta wuce santimita shida, wato faɗin yatsu uku, don kada kan yaro ya shige ya maƙale, kuma a lanƙwashe bakin kowace ƙusa. Kaza na iya tsallake irin wannan shinge idan ta hango abinci, saboda haka kada a bar ko ɓarɓashin biskit a ciki. Wadda ta dage, a rage mata dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ba ya mata ciwo, tashi ne kawai zai gagare ta.

Ki sami tabarmar roba biyu, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a kan igiya tana shan rana bayan an wanke ta da omo, kullum ana musanyawa. Ta kaba tana riƙe fitsari da tumbuɗi a cikin saƙarta, ba ta wankuwa sosai. Kafet mai gashi kuwa a naɗe shi sai yaro ya yi wayo. Ba mai shiga wurin da takalmi, har maigida. Yayyensa su ne manyan masu yi masa jigilar kashin kaji a tafin ƙafa, don haka buta da tsumma su zauna a bakin shingen. Ƙaramin ba zai yarda ya wuni a ciki ba, kuma bai kamata ba. In ya ƙosa, goyo ne, ko a sauke shi a simintin da aka wanke yanzu ya bushe, ana kallonsa, sannan a wanke masa hannu da sabulu. Hannun jariri ne aka fi mantawa da shi, alhali ya fi na kowa shiga baki.

Yanzu ga zarni. Mafi yawan abin da kike ji fitsarin awaki ne. Kashin akuya a bushe yake, tsintsiya na ɗauke shi tas, fitsarin ne ke nutsewa cikin ƙasa ya ruɓe ya riƙa fitar da iskar nan mai yaji a ido da hanci. Izal rufe warin kawai yake yi na ɗan lokaci, zuba shi a kan ƙasa asarar kuɗi ce. Gyaran shi ne a mai da turken kusurwar da ta fi gangara, kusa da rariya, nesa da madafi da randar ruwa. Kowace akuya na buƙatar kamar murabba'in mita ɗaya da rabi, huɗu ke nan mita biyu da uku. A kankare ƙasar da ta sha fitsari, zurfin santimita biyar ko fiye, a fitar da ita daga gidan, a zuba jar ƙasa a daɓe da kyau, a yi mata gangara ta santimita biyu zuwa uku a kowace mita, ta nufi rariya. A kanta a baza dussar katako ko ɓuntun shinkafa, shi zai tsotse fitsarin. Kowace safiya a kwashe wanda ya jiƙe a zuba sabo. Mutane kan zuba toka, amma toka a kan jiƙaƙƙen fitsari tana iya ƙara tayar da zarnin. Amfaninta shi ne a barbaɗa ta, bayan ta huce, a kan tarin kashi don ya bushe ƙuda su rasa wurin ƙwai. In da hali, dandamalin katako mai tsayin rabin mita da tazarar santimita ɗaya da rabi tsakanin katakai ya fi komai, musamman da damina: kashi na zubewa ƙasa a share, kofaton akuya ba ya ruɓewa.

Tunda awakin na surukarki ne, kada maganar ta fito daga bakinki da sunan ƙazanta. Ta bi ta wajen maigida, da sunan lafiyar awakin, kuma gaskiya ce: akuyar da ke yawo a tsakar gida tana haɗiye leda, ledar ta taru a tumbinta, ta yi ta ramewa da ƙaton ciki har ta mutu. A rataye musu harawa da igiya maimakon zubawa a ƙasa, dusa kuma a jarkar da aka tsaga biyu, abin da ya rage a ɗauke kafin magariba saboda ɓera. In akuya ta haihu, balle in ta yi ɓari, a sa hannu cikin leda a ɗauki mabiyiyar da abin da ya jiƙe a binne da zurfi, don wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari suna kama mutum. Mai juna biyu kada ta taɓa, yara kada su tsaya kallo a kusa.

Kaji kada su kwana a ɗaki ko a madafi, ko da sanyin hunturu ne, ko don tsoron ɓarayi. Akurki a gefen turke, da shimfiɗar ɓuntu mai kaurin santimita biyar zuwa takwas, a kankare ƙarƙashin inda suke kwana kowace safiya, a sauya shimfiɗar in ta dunƙule. Idan kaji biyu ko uku suka mutu farat ɗaya, kada a yanka sauran a ci, a kira malamin dabbobi. Murar tsuntsaye tun da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 take tafiya tana dawowa. Kashin da aka kwashe, na kaji da na awaki, a zuba a buhu a ɗaure ko a duro mai murfi, kada ya wuce mako a gidan. Dalili: ƙuda a lokacin zafi daga ƙwai zuwa mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma. Wanda ke fitar da taki duk mako ya katse musu haihuwa, manoma da masu lambu kuma nemansa suke. Kada ki sa ran ƙuda su ɓace washegari, sai waɗanda suka riga suka ƙyanƙyashe sun ƙare, kamar mako biyu zuwa uku, in dai kwatar maƙwabta ba ta ciyar da ku wasu.

Sharar kanta tana da jeri: ɗaki, wurin yaro, madafi, tsakar gida, turke da akurki, banɗaki a ƙarshe. In aka juya, tsintsiya ce za ta kai wa yaro abin da ake guje masa. Tsintsiya uku, kowace da ƙyallen da aka ɗaura mata mai launi daban, ta ɗaki, ta tsakar gida, ta dabbobi, kuma a rataye su a ƙusa, don ɗan rarrafe yana son bakin tsintsiya. A yayyafa ruwa kafin shara, musamman da hunturu, in ba haka ba ƙurar busasshen kashi za ta tashi ta sauka a kan kwanuka. Kada a share akurki da goyo a baya. Mofar da aka jingine a jiƙe a lungu har ta yi tsami, shafa wari take yi a ƙasa. A wanke ta da omo a shanya a rana bayan kowane aiki. Don ruwa, ɗaurayar ƙarshe ta wanki ita za ki tara a bokiti mai murfi ki yi yayyafi da wanke siminti. Shara biyu mai kyau, bayan asuba kafin a sauke yaro da kuma bayan la'asar, sun isa, a tsakani kuma faka da 'yar tsintsiya don ɗauke abin da ya faɗo.

Maganin da ya dace da siminti, tayil, ledar ɗaki da fo shi ne bilic, wato irin su Hypo da Jik, amma yawancin gidaje ba sa haɗa shi daidai. Ki duba jikin robar. Wanda aka fi samu a kasuwanninmu ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne. Da irin wannan, don goge ƙasa da tabarma da kayan wasa na roba, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya na ruwa, wato ledar fiya wata biyu. Bokiti mai lita biyar cokali goma ke nan. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, abin da yaro ke sawa a baki kuma a ɗauraye shi da ruwa mai kyau. Don wurin da aka yi zawo, amai ko jini, kofi ɗaya na bilic a kofi shida na ruwa, a bar shi minti goma. Inda ake kuskure shi ne zuba shi kai tsaye a kan datti: datti na cinye ƙarfinsa, dole a fara kwashewa a wanke da omo tukuna. Shi ya sa ba ya aiki a kan ƙasa tsurarta. A haɗa da ruwan sanyi, a haɗa na yini ɗaya kawai, a ajiye robar inda rana ba ta dukanta. Kada a taɓa gauraya shi da Harpic ko ruwan khal ko wani maganin wanke masai, don yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a ƙaramin banɗaki tana iya kayar da babba. A kan kwantaccen fitsari ma haka, a fara korawa da ruwa.

Izal da Dettol suna da matsala ta daban a gidanki: sinadaransu guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa su, tana taka wurin da aka zuba sai ta lashe ƙafa. In an yi amfani da su a banɗaki a rufe ƙofa har ya bushe.

Ana ganin kashin yaro ba kashi ba ne, alhali na mai zawo ya fi na babba yawan ƙwayoyin cuta. Mai shekara ukun ya yi a fo, a juye a masai nan take, a wanke fo ɗin da omo da bilic a kife, kada a tura shi bayan ƙofa sai an gama girki. Ruwan wankin nafkin da wandon kashi masai za a zuba, ba rariya ba, don a rariya kaji ke sha, ƙuda ke sauka. Famfas a karkaɗe kashin a masai, a naɗe, a ɗaure a leda, a sa a kwandon shara mai murfi inda akuya ba ta kai. Masai kuma ya kasance da murfin da ya rufe ramin ruf, kuma ɗan yaro ba zai iya ɗagawa ba. Katifar mai fitsarin kwance a sa mata leda a ƙarƙashin zanin gado. In fitsarin ya riga ya shiga, a danna da busasshen tsumma, kada a goga, a shafa ruwan omo kaɗan, a fitar da ita rana ta wuni.

Wankin hannu a kwano ɗaya da kowa ke tsomawa, na ƙarshe ruwan dauɗar sauran yake samu. A zuba da buta ko bokiti mai famfo, da sabulu, ana cuɗawa kamar daƙiƙa ashirin, bayan an wanke wa yaro kashi, bayan taɓa dabbobi ko shara, kafin girki, kafin ba shi abinci. Randa da murfi mai nauyi, moɗa mai dogon hannu a rataye, yara ba sa tsoma kofinsu. Ruwan garuwa ba ki san inda aka ɗebo shi ba. Wanda ƙaramin zai sha a tafasa. Randa da duro a zubar da ragowar a wanke duk mako, sauro ma kusan mako yake buƙata ya ƙyanƙyashe.

Abinci a wuri ɗaya ake ci, a zaune, a kan ledar cin abinci da za a karkaɗe a wanke. Yaron da ke yawo da ƙosai a hannu shi ke kiwon tururuwa da kyankyasai a ƙarƙashin gado. Wanke-wanke kada ya kwana, in kuma ya zama dole a kwashe ragowar tuwon a rufe kwanukan da baho. Akwai masu camfin cewa ba a shara da dare. Ba sai an yi jayayya ba, a ci abincin yara da wuri a share kafin magariba. Hatsi da gari da garin kwaki a duro ko bokiti mai murfi, ba a buhu a ƙasa ba, saboda zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. In kin ga kashin ɓera kada ki share shi a bushe, jiƙa shi da ruwan bilic tukuna.

Kyanwar tana da amfani, a bar ta, amma a ba ta masai nata. Tsohon baho da yashi mai zurfin santimita biyar zuwa bakwai, a lungun da yaro ba ya zuwa, nesa da madafi. In ba ki ba ta ba, da kanta za ta zaɓi tarin yashin da yara ke wasa a kai, shi ya sa yashin gini ke buƙatar rufi. A kwashe kashinta kullum: ƙwayar cutar da ke cikinsa mai illa ga ɗan tayi sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum, saboda haka kwashewar yau da kullum tana rage haɗarin ƙwarai. Duk da haka in kina da juna biyu wani ya yi. A sauya yashin duk mako. A ba ta maganin tsutsar ciki duk wata uku da rigakafin ciwon haukan kare duk shekara a wajen likitan dabbobi, don ita ma tana kamuwa da shi. In gashinta ya fara zubewa a zagaye, makero ne mai yiwuwa, kuma yana komawa kan yara. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kada kuma a shafa mata maganin kaska na kare ko na shanu. Ba ta kwana a shimfiɗar jariri. Gidan sauro da aka cusa a ƙarƙashin katifa ya wadatar. Gashinta a kujera, safar hannu ta roba da aka ɗan jiƙa tana tattara shi. In kyanwa ko kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi har ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti goma sha biyar, a tafi asibiti a ranar.

Abin da ya fi ba ni tsoro a gidajen da ke yaƙi da ƙazanta shi ne kayan yaƙin kansu. Zawo yakan ba da lokaci, guba ba ta bayarwa. Kananzir a robar lemo ko ta ruwa yana cikin gubar da ta fi kai yara asibiti a ƙasar nan. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don haɗarin shi ne ya sarƙe ya shiga huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe a nufi asibiti. Fiya-fiya da Sniper maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa, amma har yau ana yayyafa shi a ƙarƙashin gado. Shinkafar ɓera ba ta da wuri a gidan da ke da ɗan rarrafe da kaji da kyanwa, tarko da toshe rami da siminti sun fi. Sodar haɗa sabulu in an jiƙa ta kamar ruwa take, kurɓa ɗaya na ƙone maƙogwaro. Kafur da ake sawa cikin kayan jarirai yana fasa jinin wasu yara ya jawo shawara, rana da guga sun ishi kayan. Duk waɗannan, da bilic ɗin da magungunan sha, a akwati mai kwaɗo ko kanta da ta wuce kafaɗar babba, kowanne a robarsa ta asali. Sai ruwa: yaro ɗan shekara ɗaya kansa ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya fitowa, ba kuma ya ihu. Bokitin jiƙon wanki ko na mofa a rufe ko a zubar kafin ki ɗaga, baho a kife, rijiya da murfi mai kwaɗo.

Batun kintsa kaya ba zan tsawaita ba, don gidan da ke da yara uku ƙanana ba zai zauna a gyare daga safe zuwa dare ba, kuma hargitsin kayan wasa ba ya sa zawo. Kwando ɗaya na kayan wasa, abin da bai shiga ba a ɓoye a riƙa fito da shi bi da bi. Ƙusoshi a bango daidai tsayin yara don jaka da hijabi, kwali ɗaya na takalma a bakin ƙofa. Babbar za ta iya tattara kayan wasa, naɗe tabarma da zuba wa kaji tsaki, amma kwashe kashi da taɓa bilic ba nata ba ne. Mai shekara uku umarni ɗaya yake ɗauka a lokaci guda: "sa takalminka a kwali" zai yi, "gyara ɗakin nan" ba zai gane ba. Ki ɗaura tattarawar da wani abu da ba ya sauyawa, kamar kiran sallar magariba. Sau ɗaya a rana ki durƙusa ki dubi ƙasa daga inda ƙaramin ke kallonta, nan za ki ga tsakiya, fil ɗin hijabi, reza, ƙwayar gyaɗa da ƙaramin batirin agogo, wanda in aka haɗiye shi yana ƙone maƙoshi cikin awa biyu.

Shi kuma zawon da yake yi yanzu ba zai jira a gama shinge ba. Ci gaba da ba shi nono da abinci, a haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, daidai da ruwan da aka rubuta a jikin ledar, ana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, da ƙwayar zinc ta miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana goma zuwa sha huɗu ko da ya tsaya. Ɗan ƙasa da wata shida rabi ake ba shi. Yayyensa biyu su karɓi maganin tsutsar ciki a asibitin unguwa ko a makon lafiyar mata da yara, shi kuma sai ya cika shekara. Tunda abin yana maimaituwa, ki kai shi a auna nauyinsa a duba katinsa. In kuma kin ga jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko jikinsa ya saki, ko zawon ya kai mako biyu, asibiti za ki nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.